Fuskar da Mama Ke Jira

Litinin, 6 ga Janairu

Na yini da jarka. Sabuwar likitar ta ce in tara fitsarina na yini da kwana, kada ɗigo ya ɓace, don haka na tafi ofis da ita a cikin jakar cefane, na tura ta ƙarƙashin tebur kusa da kwandon shara. Fiye da shekara goma ina gyara littattafan makaranta a kamfanin nan, da jan biro, ana tsorona daga ƙofa har ɗakin injin buga takarda. Yau ga ni ina laɓe-laɓe zuwa banɗaki da jarka kamar ɓarauniyar kananzir. Manaja ya leƙo ya ce, mai kika sayo? Na ce e, mai tsada.

Ita ce likita ta uku. Na farko ya ce in rage ci. Na biyu ya ce in rage damuwa, ya ƙara min maganin hawan jini. Wannan, da tabarau a goshinta da take ta nemansa a aljihu, ba ta fara da sikeli ba. Hannuna ta kama, ta ɗan ja fatar bayansa, ta ce ta yi siriri kamar takarda. Ta dubi nankarwar cikina, jajaye masu faɗi, ta shafa tudun da ya fito min a dokin wuya. Ta ce in durƙusa in tashi ba tare da na dafa komai ba. Na durƙusa. Ita ta tashe ni.

Sai ta ce, kina da hotonki na shekara huɗu baya? Na nuna mata a waya. Ta daɗe tana kallo. Ni ma.

Asabar, 11 ga Janairu

Gidan ƙanina Auta, wajen Mama, kamar kowace Asabar.

Shekara biyu ke nan da mantuwa ta kama ta. Tana zaune inda take zama, bakin taga, kusa da keken ɗinkinta da aka cire wa allura don kada ta ji ciwo. Auta ta san shi, ai ɗan lele ne. Matarsa ma takan gane ta, musamman idan za ta yi mata faɗa. Na shiga na gaishe ta, ta amsa da fara'ar da take yi wa masu kawo ɗinki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, baiwar Allah, ke kam yadi shida za ki ci, ido ba mudu ba ya san kima.

Auta ya ce, Mama, Yaya ce fa. Lauya ce.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Wai Lauya siririya ce kamar allura, haɓa kamar bakin almakashi, kada ya maida ta mahaukaciya.

Lauya. Tun ina firamare ta sa min, don ba na barin magana ta faɗi ƙasa. Ban karanta shari'a ba, amma sunan bai san haka ba.

Wata biyar ke nan rabon da ta kira ni da shi tana kallona.

Alhamis, 23 ga Janairu

Wani gwajin kuma: ƙwaya da daddare, ɗiban jini da safe. Inda aka soke ni ya yi baƙi har gwiwar hannu. Na sa riga mai dogon hannu don kada a fara yi min kallon matar da ake duka. Babu ma mai dukan.

Talata, 4 ga Fabrairu

An samo shi.

Likita ta juyo min da allon kwamfuta, ta nuna da biro. Ashe a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula, aikinta fitar da wani sinadari, kotisol, wanda ke riƙe mutum idan wahala ta zo: rashin lafiya, firgici, yunwa. Tawa ta hagu ta yi ƙari, bai kai ƙwan kaza ba, yana ta zuba sinadarin ba dare ba rana. Jikina yana zaton kullum gobara ake yi. Shi ya kumbura fuskar, ya tara kitse a ciki da wuya, ya cinye naman cinyoyi, ya kawo ciwon suga da hawan jinin, da gashin haɓa, da rashin barci. Ta ce ba kasafai ake ganinsa ba, a duk shekarunta na aiki ni ce ta uku. Ta faɗa da ɗan jin daɗin da ta kasa ɓoyewa. Ban ga laifinta ba, ni ma haka nake ji idan na kama kuskuren da ya wuce mutum huɗu.

Ta ce alamu sun nuna ba mugun ƙari ba ne. Za a cire.

Ya kamata in tambayi zuciya, ƙashi, ƙoda. Abin da na tambaya: fuskata za ta dawo?

Ta ce a hankali. Watanni, wataƙila shekara.

Na ce mahaifiyata ba ta da shekara. Ba wai mutuwa nake nufi ba. Ta gane, ina jin. Ta sauko da tabarau ta sa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na yi wa Auta bayani a kicin. Ya ce, wato duk tuƙin keken motsa jikin nan da na sayo miki a banza? Na ce ba a banza ba, yana shanya tawul da kyau. Matarsa ta ce, wallahi Yaya ni dama na ce wannan ƙibar ba ta Allah da Annabi ba ce. Ba ta taɓa cewa ba. Abin da ta ce bara shi ne in daina cin burodi.

Na gwada dabara. Na kai wa Mama tsohon hotona, na riƙe shi kusa da kumatuna, na ce duba idanu, duba gira. Ta karɓe hoton ta sa a cinyarta. Ta ce, kin santa ne?

Na ce ni ce, Mama.

Ta ce, to, to. Irin to ɗin da ake yi wa mashayi a bakin titi don ya wuce.

Laraba, 19 ga Fabrairu

A lifta wata sabuwar ma'aikaciya ta ce Allah ya sauke ni lafiya. Na ce amin, nan da wata guda, kuma ba za a yi suna ba.

Asabar, 1 ga Maris

Yau ban yi gardama ba, gajiya ce kawai. Na zauna a kan kujerar masu kawo ɗinki, na bari ta ɗauke ni baƙuwa. Sai ta buɗe baki.

Wai tana da 'ya a wani babban kamfani, duk littafin da yaro ya karanta sai ya bi ta hannunta. Wai bakinta kaifi, amma tsoron tsawa take yi, har ta girma idan hadari ya taso sai ta kawo wani dalili ta shigo ɗakinta, wai tana neman zare. Wai ranar da aka ba ta digiri ita Mama ta shiga banɗakin makarantar ta yi kuka don kada yarinyar ta gani kanta ya kumbura.

A ranar abin da ta ce min shi ne hular ta karkace.

Sai ta ce, amma ta daina zuwa. Aiki ya yi mata yawa. Idan kin gan ta ki ce ba fushi nake ba.

Na fita na zauna a mota. Motar ta daɗe ba ta tashi ba, laifin batir ne, ina jin.

Talata, 18 ga Maris

An yi tiyatar. Ƙananan huji a gefen ciki, shi ke nan. Abin da ya sauya min kamanni an saka shi a kwalba an tafi da shi. Na so in gan shi mu gaisa, aka ce ba a yi.

Alhamis, 20 ga Maris

Ga abin dariya. Likita ta zo da ƙwayoyi farare ƙanana ta ce zan sha safe da rana da yamma. Na karanta kwalin, sana'ata ce. Na ce, wannan ba shi ne abin da kika yanka ni don ki raba ni da shi ba? Ta ce shi ne, na kanti. Wai da hular ƙodar hagu ke ambaliya, ta dama ta ga babu aikin yi ta kwanta barci, shekara da shekaru. Kafin ta farka sai an ciyar da jiki daga waje, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ita za ta faɗi yaushe. Idan na yi zazzaɓi in ninka. Idan na yi amai in taho asibiti, kada in tsaya neman mayafin da ya dace.

Ta ce, ba a wasa da shi. Ta maimaita, tana kallona kamar ta san irina.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ba wanda ya faɗa min warkewa ta fi ciwon ciwo. Gaɓoɓina kamar an kwance su an mayar ba daidai ba. Fatata na saɓa. Matakalar gidan Auta sai da na huta a tsakiya.

Fuska na nan daram, kamar faranti.

Mama ta kira Auta da sunan Baba yau, sau biyu. Ya yi dariya ya amsa. Da ya raka ni mota bai yi dariya ba. Ya ce, Yaya, abin yana sauri.

Na sani. Ni ce ba na sauri.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na koma aiki. Sun ajiye min littafin kimiyya na aji uku, an zana ƙoda babu hula. Na sa jan biro.

Na yi tunani a kan hanya, tunani mai tsari, irin wanda ake ba ni albashi dominsa. Sinadarin ne ke riƙe kumburin. Ƙwayar sinadarin ce. Idan ƙwaya ta ragu kumburi zai sauka. Kuma mai barci ba ya tashi muddin ana kai masa abinci har gado. Likita tana da marasa lafiya ɗari, dole ta bi a sannu don kare kanta. Ni ɗaya gare ni.

Na bar ƙwayar yamma.

Asabar, 3 ga Mayu

Na bar ta rana ma, tun makon jiya. Ta safe na raba biyu da reza. Jiri kaɗan idan na miƙe, abinci ba ya min daɗi. Amma da safe na ga inuwar ƙashin kumatu, ko kuwa fitilar banɗaki ce ke min kara.

Na ciro koriyar rigar nan daga ƙasan akwati, ta ƙarshe da Mama ta ɗinka min kafin hannunta ya rikice. Mai maɓallai a baya da ƙaramin aljihu a ɓoye, don ta san ba na son jaka. Ta tsaya a kafaɗa. Na rataye ta a ƙofar ɗaki, muna kallon juna.

Wajen Mama: ta tambaye ni ko na isar da saƙo. Na ce na isar. Ta ce me ta ce? Na ce tana nan tafe.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mura, da ɗan zazzaɓi. An ce a ninka. Ninkin rabi ɗaya ne. Na sha ɗaya. Lissafi bai ƙi ba.

Talata, 20 ga Mayu

Asibiti. Yau ne hannuna ya iya riƙe biro.

Abin da na tuna: ofis, ranar Litinin waccan, amai a kwandon shara, sanyi, sai tayil ɗin ƙasa a kumatuna, ina lura da cewa ba a share ƙarƙashin kabad. Manaja yana ta kiran sunana da muryar da ban san yana da ita ba. An ce jinina ya faɗi har na'ura ta yi ta nema. An ce da ba a ga katin bayanin ciwona da Likita ta tilasta min sawa a jaka ba, da an tsaya gwajin zazzaɓi har in wuce. Allura, ƙarin ruwa, leda bayan leda.

Likita ba ta yi faɗa ba, na so ta yi. Ta zauna a bakin gado ta ce, ƙwaya nawa kike sha? Na faɗa. Ta ce, wa ya ce? Na ce hankali. Ta ce, na wa?

Sai ta ce abin da aka ba ni bai kai yawan da ke kumbura fuska ba, daidai abin da jiki ke buƙata ne don ya tsaya. Wato ko kwana ɗaya ban rage wa fuskar ba. Kaina kawai na kusa ragewa.

Auta ne ya yi faɗan. Ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba, yaron da na yi wa wanka. Garin neman gira za ki rasa ido, Yaya! Ke da kika fi kowa ilimi! In kin mutu me zan ce mata, ita da kullum take tambayata ke? Na ce ai ba za ta san an yi ba. Ya dube ni. Ya fita ya bar ledar lemon a kan ƙafata.

Wannan maganar da a rubuce take da na soke ta.

Talata, 27 ga Mayu

Safe, rana, yamma. Matar Auta ce ke bugo waya kowane lokaci ta ce, Yaya an sha? Duniya juyi-juyi.

Asabar, 14 ga Yuni

Na koma wajen Mama bayan makonni. Ta ce, baiwar Allah, kwana biyu, ko kin canza tela ne? Ashe baƙuwar ma ana kewarta.

Ta ga tabon allurai a hannuna ta ce wa ya yi miki haka. Na ce ni. Ta ce, ke ma irin Lauya ce, ba a faɗa muku. Ta sa matar Auta ta kawo min shayi, ta ce a ƙara sukari don na yi fari. Na sha rabi, suga ko ba suga ba.

Ban kawo hoton ba. Mantawa na yi.

Alhamis, 31 ga Yuli

An rage ƙwaya, da izini wannan karon. Ta dama ta fara motsi, in ji gwaji. An cire maganin suga. Na durƙusa na ɗauki biro a ofis na tashi ni kaɗai, na duba ko wani ya gani. Babu kowa. Haka abubuwa suke.

Asabar, 20 ga Satumba

Mama ba ta gane matar Auta ba tun farkon wata. Auta kuma wani lokaci Baba ne, wani lokaci mai gyaran famfo. Maganarta ta ragu, takan fara zance ta bar shi a hanya kamar ɗinkin da zare ya ƙare. Amma Lauya tana nan. Yau labarin ranar da na gyara wa malaminmu rubutu a allo aka kore ni gida. Ta ce ta dake ni a gaban mutane, ta koma ɗaki ta yi ta dariya a cikin matashi.

Dukan kawai na sani.

Mai gadin ofis ya ce jiya, ranki ya daɗe, kin dawo. Ban je ko'ina ba, amma na gane.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Rigar ta shiga. Maɓallin ƙarshe na sama ne kawai ya yi gardama, na ci shi da lauyanci.

Na tsaya gaban madubi. Haɓar ce, wuyan ne. Akwai layuka biyu a gefen baki da ba nawa ba ne a da, sai dai ba zan kai ƙara ba.

Gobe.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Auta ya buɗe ƙofa ya ce, la, Yaya. Matarsa ta rufe baki da hannu. Suka biyo ni har ƙofar ɗakin suka tsaya, kamar masu jiran sakamakon jarrabawa.

Tana bakin taga. Na tsaya inda haske yake. Na ce, Mama, ina wuni.

Ta ɗago. Ta dubi fuskata, ta wuce ta, kamar yadda ake wuce gidan da ba a san kowa ba. Idonta ya sauka a kan rigar ya tsaya. Ta ce zo nan. Ta kama gefen, ta juya shi, ta bi ɗinkin da babban yatsa, ta lalubo aljihun ba tare da ta nema ba.

Ta ce, wa ya ba ki rigar 'yata?

Na ji Auta ya ja numfashi zai yi magana. Na ɗaga masa hannu.

Ashe ba fuskar ba ce. Wataƙila da farko ita ce. Wataƙila ma tun farko ba ita ba ce, ni ce na samu abin da za a iya yankewa a saka a kwalba na ɗora masa komai. Ba ni da hanyar sani, kuma babu likitar da zan tambaya.

Na ce, aro ta ba ni.

Ta ce, Lauya? Aro? Ko fensir ba ta bayarwa. Ta sake kallona, da kyau wannan karon. Ta ce, lallai tana son ki. Kuna ma ɗan kama, sai dai ke kin fi ta haƙuri.

Ta ce in juya, maɓallin sama yana rawa. Babu allura, babu zare, amma ta yi ta aiki a bayan wuyana da yatsunta, tana ja, tana ƙullawa, har ta sunkuyo ta ciji zaren da babu. Numfashinta a wuyana. Ta ce kada in motsa. Ban motsa ba.

Da zan tafi ta ce in gaida ta, in ce rigar ta yi min kyau, kada ta karɓe. Na ce zan faɗa.

Akwai kurakurai aƙalla uku a maganarta. Na bar su.

Na sha ta yamma a mota, da ruwan da matar Auta ta cusa min a hannu. Asabar mai zuwa da wuri zan je, ta fi magana kafin azahar. Sai na wanke rigar tukuna, da hannu, ba ta son inji.